Ƙeyar Taubashina

Ni ne ban kyauta ba. Na daɗe ina kewaya wannan magana. Na ɗora ta a kan fim, na ɗora ta a kan samarin gari da wayoyinsu, har na taɓa ɗora ta a kan al'ada, na ce ai wasa ne da muka tarar ana yi. Yanzu na gaji da kewayen. Abin da ya sami taubashina daga rumfata ya fito, kuma da hannuna na raba shi.

Sana'ata tura fim. Ina da rumfar kara a kasuwar Gangara, da pano mai kama hasken rana a kan rufi, da batir, da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na sayo a Maradi. Ranar kasuwa mutane su kawo wayoyinsu in sa musu wuta, mai so kuma in cika masa memwar wayarsa da finafinai ya tafi da su ƙauye. Ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, amma zaman rumfa ya koya mini abin da kowa yake nema tun bai buɗe baki ba. Tsofaffi wa'azi suke so. Mata suna son wasannin talbijin masu tsawo, waɗanda ake kuka a ciki. Magidanta kuwa, waɗanda rana ta gama gasa wa baya a gona, tambayarsu ɗaya ce: akwai sabo na ƴan siyasa?

Daga ƙetaren iyaka finafinan suke zuwa mana, kuma iri biyu ne. Akwai dogayen wasannin talbijin, masu gwamna da matarsa da ƴan korensa, kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami. Waɗannan ana bin su kamar labarun rediyo, a yi ta gardama a kansu a bakin masallaci, amma ba sa sanyaya rai. In ka gama kallo sai ka ji kamar ka wuni kana noma a gonar wani. Sai kuma na barkwanci, su ne kasuwata. Ba na jin akwai wanda ya taɓa kallonsu don ya koyi wani abu, domin duk abin da ke ciki mun san shi tun kafin a ɗauke shi a hoto. Mutum ne aka yi wa alkawarin takin zamani, ya jira har gero ya yi bununi bai ga komai ba. Ranar kasuwa ya tsaya a rumfata ya ga mai babbar riga ya faɗa kwata, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Takin bai zo ba, amma ya koma gida ƙirjinsa da sauƙi. Ban raina wannan ba, har yau ban raina shi ba.

A shekarar da nake magana wani fim ya zo wanda ya fi duk sauran karɓuwa. Labarin wani ciyaman ne, wato abin da mu nan muke ce wa magajin gari. Da zaɓe ya ƙarato sai ya sayi falwayar lantarki ƙwaya ɗaya, ya ɗora ta a mota. Da safe a kafa ta a wannan ƙauye, a yi kiɗa, a yi guɗa, da yamma a tuge ta a kai ƙauye na gaba. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne, duk lokacin da zai shirga ƙarya, sai ya tura hularsa gaba ya sosa ƙeya, nan take sai kalangu ya yi wani irin kuka kamar yana tsegumi. Da an ji kukan kalangun nan an san abin da ke tafe. Mutane ba sa ma jiran ƙaryar, tun daga kalangun suke faɗuwa.

Taubashina ɗan gwaggona ne, yayar mahaifina. Ya girme ni da kaɗan, gida ɗaya muka tashi a wani ƙauye da ke kusa da Gangara. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ba abin da bai kira ni da shi ba. Da na fara sana'ar nan ya sa mini suna mai sayar da iska, wai kayana ba su da nauyi, ba a auna su a tiya, kuma akuya ba ta ci. Tsakaninmu ba fushi. In na ci masa fuska a gaban surukansa dole ya yi dariya, in ya ƙwace mini hula a tsakiyar kasuwa dole in bi shi ina roƙo. Haka muka tarar, haka muke yi, kuma daɗinsa ya fi ƙarfin a faɗa.

Mutum ne mai kunya. Magana ba ta zo masa da sauri, sai ya nemo ta. Kuma tun yana ƙarami, in yana neman kalma, sai ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. Haka ya yi a gaban malaminmu na allo, haka ya yi ranar da muka je gaida iyayen matarsa. Ba wanda ya san wannan kamar ni.

Bai nemi zama konsaiye ba, wato wakilin garinmu a majalisar ƙaramar hukuma. Mutanen gari ne suka tura shi, don yana da haƙuri, ba ya gajiya da tafiya, kuma ya yi kiwo yana saurayi har ya tsinci Fulatanci, makiyayan da ke sauka a yammacin garinmu suna sauraronsa. Ba mota gare shi ba, wata tsohuwar moto ce, wato babur, da sai an tura take tashi. A kanta yake zuwa zaman majalisa, ya dawo da ƙura har cikin kunne, yawanci hannu wofi, don ba shi ke da abin rabawa ba.

Wata ranar kasuwa bayan azahar na kunna fim ɗin ciyaman a ordinatar, na haɗa da lasifika, rumfa ta cika har waje. Sai ga taubashina ya zo karɓar wayarsa.

"Mai sayar da iska," ya ce, "yau tiya nawa ka auna?"

"Bawa ba ya tambayar cinikin ubangidansa," na ce. "Tsuguna ka gaishe ni."

"In tsuguna ma wa? Kai da ko kaza ba ka da ita sai ta cikin hoto?"

Aka yi dariya. Nan wani dattijo mai sayar da igiya ya tare shi, ya ce, "Konsaiye, maganar gyaran rijiyar nan fa? Shiru muke ji."

Taubashina ya tsaya. Na ga hannunsa ya tashi, ya tura hula gaba, ya kai ƙeya. Ni kuwa yatsana yana kan ordinatar. Na mai da fim ɗin baya kaɗan, na saki kukan kalangun da ƙarfi.

Rumfa ta kece da dariya. Har mai igiyar sai da ya zauna a ƙasa. Taubashina ya dubi hoton, ya dubi hannunsa, shi ma ya fashe da dariya.

"Allah ya isa, ɗan kawu," ya ce. "Ni da ko falwayar ban da ita? Ka ara mini taka in kafa."

Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da abin rubutawa. Wannan wasa ne na taubasai, ido da ido, na jefa ya rama, aka tashi. Amma dariyar ranar ta yi mini daɗi fiye da kima. Ban taɓa sa mutane masu yawa haka dariya da abin da ya fito daga kaina ba, kullum na wasu nake turawa. Sai na zauna na yanko kukan kalangun shi kaɗai, ɗan guntu, na ajiye.

Kowane ɗan kasuwa yana da gyara. Mai gero ya ƙara maka ɗan tafi, mai nama ya jefa maka tsoka. Ni ban taɓa samun abin da zan ba da gyara ba sai a lokacin. Duk wanda na tura wa fim sai in ce, ga gyara, in sa masa kalangun a waya, in ce, "In ka gamu da Ciyaman ɗinmu ka gaishe shi da wannan." Haka na yi a Gangara, haka na yi ranar da na kai kayana kasuwar Cadawa. Kafin a yi girbi babu wayar da ba ta da shi a yankinmu, domin wanda na ba shi ma yana ba wani.

A ƙasarmu ba mu da wani muƙami ciyaman. Don haka duk wanda ya kira taubashina da sunan, ba kuskure ya yi ba. Samarin da suke gaishe shi a tsugune suka koma ɗaga masa hannu daga nesa suna cewa ranka ya daɗe Ciyaman. In ya wuce majalisar masu shayi sai kalangu ya bi bayansa. Waɗannan ba taubasansa ba ne. Ba su da haƙƙin wasa da shi, kuma shi ba shi da hanyar ramawa, don babba ba ya tsayawa cacar baki da ɗan cikinsa. Ni ne na ɗauki abin da yake nawa ni kaɗai na raba wa gari.

Sau ɗaya ya yi mini magana. Ya zo rumfa da sauran safiya, mutane ba su taru ba, ya zauna a bakin benci yana kallon ƙasa.

"Ɗan kawu," ya ce, "wasan nan ya fita gida."

Na gane abin da yake nufi sarai. Amma na ce, "Af! Yau kuma bawa ne ke fushi da ubangidansa? Bari in tara mutane su shaida, taubashi ya yi fushi."

Abin da na yi ke nan. Na san ba zai iya cewa ya yi fushi ba, don abin kunya ne a ce taubashi ya kasa ɗaukar wasa, har mata sai sun yi masa waƙa. Na toshe masa ƙofa ɗaya da ta rage. Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Wane ni," ya tashi ya tura motonsa.

A shekarar ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, wake ya makara a gonaki. Arewa kuma ciyawa ba ta yi ba, makiyaya suka gangaro da wuri, shanu suka taru a bakin burtali suna kallon gonakin da ba a gama kwashewa ba. Kowa ya san irin abin da kan biyo bayan haka. Taubashina ya yi ta kai da kawo tsakanin ruga da ƙofar mai gari har ya samo matsaya: makiyaya su ƙara haƙuri a kwashe wake, su kuma manoman yamma su bar karansu a gona kada su ɗaure, a kuma bar wa shanu rijiyar bakin fadama da rana. Saura kawai a faɗa a gaban kowa, a shafa fatiha.

Aka taru da hantsi a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar mai gari. Ardo, shugaban makiyayan, ya zo da mutanensa, tsoho ne dogo, ba ya yawan magana, Hausarsa a hankali yake jero ta. Ni ma ina wurin, a baya, cikin samari. Taubashina ya miƙe ya yi bayani, kuma ya yi shi da kyau. Da ya gama, ardo ya jingina sandarsa a kafaɗa ya ce, "Na ji. To in mun jira, ranar ta zo, manoma sunka ɗaure karansu, wa zan kama?"

"Ni," in ji taubashina. Ya so ya ƙara masa da wata magana da Fulatanci don ta fi shiga. Ya tsaya nemanta. Hannunsa ya tashi.

Ban san wayar wa ba ce. Kalangun ya yi kukansa a tsakiyar taro, sai dariya ta ɓarke. Wasu suna toshe baki, wasu sun juya baya, kafaɗunsu na rawa. Har cikin dattawa akwai wanda ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni ma na yi. Zan so in ce ban yi ba, amma na yi.

Ardo ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ganin fim ɗin ba. Ya tambayi wanda ke kusa da shi, "Mi anka yi?" Wancan ya rasa yadda zai ce, ya ce ai wani wasa ne, in mutum zai yi ƙarya ake kaɗa masa. Ardo ya ɗauki sandarsa. Ya miƙe, ya gaida mai gari, ya bi hanyar ruga, mutanensa suka bi shi. Mai gari ya yi ta faɗa, ana neman mai wayar, kowa ya ce ba shi ba ne. Taubashina yana tsaye, hannunsa ya sauko, ya rasa inda zai sa shi. Can ya zauna.

Ba a zubar da jini ba, alhamdu lillahi. Abin da ya faru irin wanda aka saba ne, mai gajiyarwa. Shanu suka shiga waken wani, aka kama su, aka yi zage-zage, jandarma suka zo, magana ta tafi gaban hukuma a garin Gazawa aka yi ta jeka ka dawo. Makiyaya suka ɗaga rugarsu zuwa wani wuri. Gonakin yamma ba su sami kashin shanu ba a ranin nan, matan Fulani suka daina shigo mana da nono. Ba wanda ya ce laifin kalangu ne. Aka ce dama Fulani ba su da haƙuri, su ma can na san abin da suka ce game da mu.

Daga ranar taubashina bai ƙara miƙewa a taro ba. In an ce konsaiye ya yi magana sai ya ce abin da dattawa suka faɗa ya isa. Ni kuma ya daina yi mini wasa. Bai daina gaishe ni ba, da ma ya daina da ya fi mini sauƙi. In mun gamu sai ya tsaya, ya miƙo hannu biyu, ya ce, "Malam, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa?" Ni da nake mai sayar da iska na koma Malam. In na jefa masa wata magana sai ya ce, "Haka ne," ya wuce. Ban san ladabi yana da zafi haka ba.

Watan cika-ciki ya zo, lokacin da ɗan mace yake zuwa ƙofar ɗan namiji karɓar shara. Kowace shekara da sassafe yake zuwa da guntun tsintsiya, ya share ƙofata sharar ƙarya, ƙura ta koma cikin zaure, ya tsaya yana ihu sai na sallame shi. A shekarar na tanadi zakara na ɗaure. Bai zo ba. Matata ta ce in aika masa da shi. Na ce shara ba a aika ta, zuwa ake yi. Zakaran ya yi ta cara a tsakar gida har muka yanka shi.

Daga baya zamani ya juya, aka sallami zaɓaɓɓu gaba ɗaya, ya koma gonarsa ba konsaiye ba kowa ba. Sunan dai bai sauka tare da kujerar ba. Fim ɗin kansa an manta da shi, wasu sun fito sun rufe shi, akwai yaran da ke kiransa Ciyaman ba su ma san daga ina sunan ya zo ba. Na goge kalangun daga ordinatar, amma wannan ba komai ba ne, yana cikin wayoyin da ban san adadinsu ba. Sana'a kuwa ban bari ba, da ita nake ci da iyali. Har yanzu magidanta suna tambayar sabo na ƴan siyasa, ina tura musu, wani lokacin ni ma in yi dariya. Sai dai na lura da abin da ban lura da shi ba a da. Mai babbar rigar da ke cikin hoto yana can nesa, dariyarmu ba ta kai masa, ko ta kai ba ta rage masa komai. In ta tashi neman wanda za ta sauka a kansa, na kusa take samu, wanda ke zuwa kasuwa a tsohuwar moto.

Na taɓa gwada ba shi haƙuri, na ɓata abin. A kasuwa ne, ya zo wucewa, na fito daga rumfa na ce da ƙarfi, "Bawana, tsaya, na tuba, ka yafe mini." Mutane suka juyo suna washe baki, suna jiran inda wasan zai faɗa. Wani har ya ce, "To, yau kuma mi ya shirya?" Ashe wanda ya saba wasa, ko kuka yake yi sai a ce salo ne. Taubashina ya dube ni ya ce, "Ba komai, Malam," ya tafi. Na koma rumfa na ce wa kaina ai na yi nawa. Na zauna a kan wannan ƙaryar har damina ta zagayo ta wuce.

Abin da ya tashe ni ɗaurin auren ɗiyar ƙanensa ne. Shi ne babba a ɗakinsu, shi ya kamata ya ba da ita. Da liman ya tambayi waliyyi, sai ya nuna wani kawunsu da haɓa, ya ce ya wakilta shi. Ina zaune a gefensa kaɗan. Na ga ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, kamar yaron da aka hana taɓa abinci. Haka ya zauna har aka shafa. Mutum mai furfura a gemu yana zaune a kan hannunsa don kada ya taɓa ƙeyarsa a auren ɗiyarsa. Goron da aka ba ni ban iya ci ba.

Na fara da ardo, don a ganina can ne ɓarnar ta fi girma. Da kaka ta yi na tambayi inda suka sauka, aka ce wajen garin Agye, na ɗauki kabu-kabu na bi su. Na same shi a gindin wata ƙaya yana tufka igiya. Na gaya masa ko ni wane ne, na gaya masa yadda abin ya faro, na ce mutumin nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, tun yana yaro haka yake yi in yana neman magana.

Ya saurare ni har na gama, bai daina tufkarsa ba.

"Na sani," ya ce. "Yaron ga ya yi kiwo tare da ɗiyana. Ban ce ya yi ƙarya ba."

"To mi ya sa ka tashi, baba?"

"Ya ce in kama shi. Na duba, na ga mutanensa suna yi mishi dariya. Wanda mutanensa ba su riƙe shi ba, in na kama shi, mi na kama?"

Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. Na sha don kada in yi rashin kunya. Duk tsawon lokacin nan ina zaton abin da na jawo shi ne baƙo ya ɗauki taubashina maƙaryaci, abin da bayani zai gyara. Ashe ba wanda ya ɗauke shi maƙaryaci, ko masu dariyar. Nauyinsa na cire, na bar shi da gaskiyar da ba ta iya ɗaukar komai.

Ban je gida ba, na wuce gidan su taubashina. La'asar ta yi sanyi. Na same shi a tsakar gida yana gyaran ƙotar gatari, gwaggo tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Na yi sallama. Ya miƙe zai shimfiɗa mini buzu.

"Malam, sannu da zuwa. Bismilla."

Ban zauna a buzun ba. Na cire takalmi, na cire hula, na tsuguna a ƙasa a gabansa.

"Wane ne?" in ji gwaggo.

"Ni ne, gwaggo."

"Ɗan ƙanena? Yau ka tuna hanya? Mi kake yi a ƙasa kamar mai neman aure?"

"Wurin yaya na zo."

Ban taɓa ce masa yaya ba tun da aka haife ni. Ya tsaya da gatarin a hannu.

"Tashi, don Allah," ya ce. "Ba komai. Ai ya wuce."

"Bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi," gwaggo ta ce. Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe. "Kai kullum ba komai, ba komai. Ni na haife ka, na san ranar da ka daina cin tuwo da yawa."

Ya ajiye gatarin, ya zauna a kan turmi. Bai dube ni ba. Na ji tsohon halina yana taso mini, wata ƴar maganar ban dariya da za ta sauƙaƙa mana duka. Na haɗiye ta.

Na ce, "Yaya, ba wasa na zo yi ba, shi ya sa na zo gaban gwaggo, don ta shaida. Na san abin da sosa ƙeyarka take nufi tun muna yara, na fi kowa sani, kuma na bari aka ce ƙarya ce. Wasan da ke tsakanina da kai na ɗauka na raba wa waɗanda ba su da haƙƙinsa, don a ce na iya ban dariya. Ka zo har rumfata ka gaya mini, na rufe maka baki da taubasantaka, alhali na gane. Ranar taro ina cikin masu dariya. Abin da ke cikin wayoyin mutane ba ni da ikon kwashe shi, kuma ba zan ce maka zan iya mai da maka abin da na ɗauke ba. Kada ka ce mini ba komai, akwai komai. In ka ga dama ka yi fushi da ni, ka faɗa mini a gaban kowa, ba wanda zai ce ka kasa ɗaukar wasa, ni zan fara cewa ba wasa ba ne. Na cuce ka, yaya. Ka yafe mini don Allah."